Baƙo Mai Kyamara Da Baƙo Mai Buhu

Waɗanda suka daɗe a unguwar nan za su tuna watan Nuwamba na shekarar 2005, lokacin da aka fara Bikin Kalankuwar Abuja, wanda 'yan boko ke ce wa kanibal. Gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ce ta ƙirƙiro shi, shekara guda bayan Gwamna Donald Duke ya fara irinsa a Kalaba. Manufar ita ce kowace jiha ta turo makaɗanta da 'yan rawarta da dodanninta, a yi jerin gwano a manyan tituna har zuwa Dandalin Eagle, a yi wasan kwale-kwale a Tafkin Jabi, a yi hawan daba, duniya ta zo ta gani ta kuma kashe kuɗinta a nan. Hunturu ya fara busawa, manyan motoci na sauke dawakai daga masarautun Arewa, yaranmu kuwa ba sa zama gida.

A irin wannan mako baƙi iri biyu ne ke shigowa gari. Akwai mai kyamara rataye a wuya, wanda ya sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe aka wuce da shi otal. Akwai kuma mai buhu a ka, wanda ya gama girbi a ƙauyensu na Katsina ko Jigawa ko Maraɗi, ya ji ana biki a Abuja, ya sauka tashar Zuba ko ta Nyanya da asubahi yana cigiyar ɗan garinsu. Dama ai watan Nuwamba shi ne mafarin cin-rani. Na farkon mukan tarbe shi da fara'a har kunne, mu gyara masa zama, mu ƙara masa farashi. Na biyun kuwa tambaya ce ke tarbarsa: "Wa ya san shi? Wurin wa ya zo?" Wannan bambanci yana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Garin da 'yan gudun hijira suka kafa

Sunan Abuja kansa sunan baƙo ne. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar Malam Musa ta kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya. Ya yo kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba cikin ƙasar Koro, ya yi ta yaƙe-yaƙe har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828 ba nisa da Dutsen Zuma. Garin ya ɗauki sunansa. Shi ne wanda muke kira Suleja a yau, kuma har gobe sarkinsa Sarkin Zazzau ake ce masa. To, kun ga Hausawan farko da suka kafa sarauta a wannan yanki korarru ne, kuma sun tarar da masu ƙasa a zaune, wato Koro da Gbagyi, waɗanda muka saba ce wa Gwarawa, da Gade da Gwandara da sauransu.

Wanda aka kora daga gidansa ba ya saurin yarda da mai sallama. Tsohuwar Abuja ta kewaye kanta da ganuwa, ta zauna cikin shirin yaƙi da masarautun da ke maƙwabtaka da ita, kuma ba a taɓa cin ta ba har zuwan Turawa. Sai a zamanin Abu Kwaka, wanda ake yi wa laƙabi da Dogon Sarki, ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, aka fara ciniki da Bida da Zariya, fatake suka fara shiga da fita. Ƙofar da tsoro ya rufe, kasuwa ce ta buɗe ta. Mu riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Ko baƙo mai jar fata ma ba yau ya fara zuwa ba. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, a zamanin Sarki Sulaimanu Barau. A 1954 wata 'yar Gbagyi daga garin Kwali ta shiga makarantar. Ita ce Ladi Kwali, wadda aka kai tukwanenta Landan da wasu manyan birane, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin da muke ba mai shayi kullum. Baƙon ya kawo murhun zamani, ita kuwa ta zo da hannun da ta gada wurin dangi. Kowa ya amfana da kowa, kuma sunanta bai ɓace a ƙarƙashin nasa ba.

Birnin da kowa baƙo ne

A 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya nemo wa Nijeriya sabon babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka sanar da zaɓen wannan yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu takwas, kwana goma kacal kafin a kashe Murtala. Hujjar da aka bayar ita ce wurin yana tsakiyar ƙasa, kuma babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Tsohuwar Abuja ta ba da sunanta kyauta, ta koma Suleja don tunawa da Sulaimanu Barau. Ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare, gwamnati ta baro Legas.

Amma fa wurin ba fili ne fetal ba. Inda ake Wuse da Garki da Maitama da Asokoro a yau, ƙauyuka ne masu gonakin doya da maƙabartun kakanni. An tashi wasu aka kai su Sabon Wuse, wasu Kubwa, wasu kuma har yanzu suna nan a tsakiyar benaye suna jiran ranar da za a zo da katafila. Idan muna maganar baƙi a Abuja, ya kamata mu fara da sanin cewa su waɗannan mutane ne masu masauki, mu duka, daga minista har mai tura baro, saukar mu aka yi.

Iyayenmu da yayyenmu sun shigo ne a shekarun 1980, lokacin da ake fasa duwatsu ana shimfiɗa tituna. Nyanya ma ai sansanin lebura ce tun asali. Wani ya zo gadi, wani leburanci, wani ya kafa teburin shayi a bakin wurin gini, wani ya kawo shanu, wani canji. Babu wanda ya zo da takardar fili. Wanda ya sauka, wurin Sarkin Hausawa ake kai shi, ko wurin liman, a tambayi garinsu, a haɗa shi da ɗan ƙasarsu, ya kwana a zaure ko a shago har ya samu abin yi. Filin da muka gina ɗakunanmu na farko kuwa, dagatan Gbagyi ne suka nuna mana, sau da yawa da goro da 'yan kuɗi kaɗan. Duk dattijon da ke zaune a ƙofar gidansa yau yana harare-harare, da buhu a ka ya shigo.

Yadda birni ke nuna kansa ga baƙo

Al'adar shirya wa babban baƙo kallo ta girmi kalankuwar 2005. Hawan sallah namu ne, sarki ke fita ya gaisa da talakawansa. Hawan daba kuwa, wanda ake tara sarakuna wuri guda don wani ya kalla, a zamanin Turawa ya kafu. An yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ingila a Kaduna a 1956, an kuma sake yin gagarumi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. Da Abuja ta zama babban birni sai ta gaji wannan hali. A watan Agusta na shekarar 2000 aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton ƙauyen Ushafa ya ga mata masu ginin tukwane. A watan Oktoba na 2003 aka yi wasannin Afirka a sabon filin wasa na ƙasa, a watan Disamba kuma taron ƙasashe renon Ingila.

A wannan taro ne aka yi abin da har yanzu mutanen yankin Karu ke ba da labari. Sarauniya ta zo, ita ce ma ta buɗe Lambun Millennium da ke Maitama, kuma aka so ta ga kasuwa irin tamu. Saboda tsaro, sai aka kai ta wata kasuwa a Karu ta jihar Nasarawa wadda aka gina don wani wasan kwaikwayon rediyo na BBC, cikin masu kasa kaya har da 'yan wasa. Ta ga tumatir, ta ga atamfa, ta gaisa da jama'a, ta tafi. Kasuwar gaskiya kuwa, mai taɓo da kwata da ihu, tana nan kusa ba a leƙa ta ba. Ba mu kawo wannan don zargin kowa ba. Mun kawo shi ne domin shi ne hoton yadda birnin ya saba: a nuna wa baƙo al'adar talaka, a ɓoye talakan.

Kalankuwa ta zo a tsakiyar wannan yanayi. Shekarun nan ne na ministan Abuja Malam Nasir El-Rufai, wanda ya riƙe birnin daga 2003 zuwa 2007, ya kuma ce zai mayar da shi kan taswirarsa ta asali. An rushe unguwanni da dama da aka ce an gina ba bisa ƙa'ida ba, a 2006 kuma aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari. Masu goyon baya suka ce doka ce, kuma birnin ya yi kyau. Waɗanda abin ya shafa, da yawansu 'yan'uwanmu ne, suka kwashi komatsansu suka nufi Mararaba da Masaka da Suleja da Madalla. Don haka lokacin da aka ce a fito a yi murna a titi, akwai waɗanda suka fito da zuciya ɗaya, akwai kuma masu tambayar wane titi, wanda aka kore su daga kansa?

Unguwa ta rabu uku

A majalisun unguwar nan, ra'ayi kan kalankuwa da baƙinta ya kasu kashi uku, kuma kowane kashi yana da gaskiyarsa. Na farko 'yan kasuwa ne. Dukawan da ke sayar da jaka da takalmi da fata a kasuwar sana'o'in hannu ta kusa da otal ɗin Sheraton, 'yan canjin Wuse Zone 4, masu kilishin Area 1, masu tsire, masu huluna, direbobin tasi, su kam kakarsu ce ta yanke saƙa. Ciyawa da dusa ma sai da suka yi daraja saboda dawakai. A wurinsu baƙo arziki ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai a nan ne muka koyi wani hali da ba mu gada ba, wato farashi biyu: na ɗan gari daban, na mai kyamara daban. Jakar dubu biyu ta koma dubu goma saboda mai saye bai iya "rage mini" ba. Muna dariya muna cewa an ci Bature, alhali sunan Bahaushe muke sayarwa da araha.

Kashi na biyu malamai ne da iyaye. Su abin da ya dame su shi ne shigar wasu 'yan rawa, da cakuɗuwar maza da mata, da dodanni, da kiɗa yana tashi ana kiran salla. Da yawa sun hana 'ya'yansu zuwa jerin gwano, amma suka bar su zuwa kallon dawakai. Abin lura shi ne ko a cikin masu wa'azi mafi zafi, da wuya ka ji wanda ya ce a wulaƙanta baƙon. Bikin suke suka. Shi kuwa baƙo, koyarwar da muka tashi da ita ita ce girmama shi alamar imani ce, kuma yana da haƙƙin liyafa ta kwana uku. Bahaushe ma cewa ya yi baƙonka annabinka.

Kashi na uku su ne masu ɗaci a rai, kuma su ne ba a cika jin muryarsu ba. Kafin kowane babban taro, sai a share tituna daga 'yan talla da mabarata da masu gyaran takalmi da masu yankan farce. Mu da kanmu mun sha zuwa belin yaran unguwa da aka kama da farantin goro ko kwalin ruwan leda. Washegari kuma ka ga an yi wa doki ado da jalala da tunjimi, ana busa algaita da kakaki, baƙi na ta ɗaukar hoto. Yaron da aka kama jiya da mahayin da ake tafa wa yau, wataƙila ƙauyensu ɗaya. Shi ya sa wasu ke juya baya idan aka ɗaga musu kyamara. Ba ƙin baƙo ba ne. Mutum ne ba ya son a ɗauki hotonsa kamar raƙumin dawa, ba sallama ba neman izini, a tafi da shi inda bai sani ba.

Da shekaru suka tura, bikin ya yi ta rage armashi, wata shekarar a yi, wata a tsallake. Masu shirya shi sun sha kukan cewa mazauna Abuja ba sa fitowa kallo. Mu dai mun san dalili ɗaya: jama'ar gari suna Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, biki kuwa yana can inda ba kowa sai ofisoshi. A Kano ko Katsina ko Zariya ba a roƙon mutane su fito hawan sallah, domin ta ƙofar gidajensu sarki ke wucewa. Da ɗan gari akan ci gari.

Lokacin da tsoro ya shigo

Sai kuma abubuwa suka canza. Ranar 1 ga Oktoba, 2010, bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle ana bikin cika shekara hamsin da samun 'yanci. Ranar 26 ga Agusta, 2011, aka kai hari ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 14 ga Afrilu, 2014, da sassafe, bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe mutane sama da saba'in, yawancinsu talakawa masu sammakon neman abinci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga nan baƙo mai kyamara ya ɗauke ƙafa, nauyin zargi kuwa ya faɗa kan baƙo mai buhu. Duk saurayin da ya sauko daga mota da jaka, ba ya jin Turanci, ya zama abin tuhuma a shingen bincike.

Abin da ya fi ciwo shi ne mu ma mun ɗauki wannan ido muka kalli 'yan'uwanmu da shi. Zaurukan da a da ba a rufewa aka sa musu kwaɗo. Masallatai suka daina barin baƙo ya kwana. Da 'yan gudun hijira suka fara isowa daga Borno, daga baya kuma daga Zamfara da Katsina, suka yi sansani a wurare irin su Durumi da Kuchingoro, akwai waɗanda suka kai musu abinci da sutura, Allah ya saka musu. Akwai kuma waɗanda suka ce sun zo su ɓata mana suna. Tsoron ba na banza ba ne, mun ga gawa da idonmu. Amma dai abin da tsohuwar Abuja ta yi a zamanin Abu Ja ne muka maimaita: waɗanda aka sauka jiya su ne suka rufe ƙofa yau.

Abin da zango ya koya mana

Ba mu ne Hausawan farko da suka zauna a ƙasar wasu ba. Akwai Sabo a Ibadan, akwai zanguna a Kumasi da Akara, akwai namu a Yawunde da Kwatano. Abin da ya riƙe waɗannan wurare tsawon zamani tsari ne mai sauƙi. Baƙo ba ya sauka a iska, wurin fatoma ko maigida yake sauka. Maigidan ya san sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi, ya ba shi makwanci, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya kuma miƙa shi ga hukuma idan ya ga ba mutumin kirki ba ne. Wannan tsari ya haɗa karamci da tsaro a wuri guda. Tambayar "wurin wa ya zo?" a da ana yin ta ne don a sama wa mutum masauki. Mu ne muka mayar da ita sandar kora.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A Abuja kam sai mu yi hattara da wannan karin magana, domin a takardun hukuma da yawanmu har yanzu raɓa ne, ko da an haife mu a nan. Wanda yake zaune bisa alfarmar da aka yi wa ubansa bai kamata ya rowace ta ga na bayansa ba. Maƙwabtanmu Gbagyi, da suka ga gonakinsu sun koma tituna kuma suka bar mu muka kafa masallaci da kasuwa, sun cancanci mu riƙa tuna musu wannan, mu halarci bukukuwansu da jana'izarsu, mu kira su da sunan da suke so.

Kaka ta sake zagayowa, motocin Arewa sun fara sauke samari a tasha. Ko an yi kalankuwa bana ko ba a yi ba, baƙi za su zo. Idan mai kyamara ne, mu sayar masa a farashin gaskiya, mu nuna masa hanya, mu kuma gaya masa cikin ladabi ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mace ko yaro. Idan mai buhu ne, mu kai shi wurin Sarkin Hausawa ko mai unguwa a rubuta sunansa da garinsu, a nemo ɗan ƙasarsu, a ba shi ruwa da tabarma kamar yadda aka ba iyayenmu. Dattawan da suka ga farkon unguwar nan suna raye, mu zauna da su mu tambaye su wa ya sauke su ranar da suka zo. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu da baƙinmu baki ɗaya.